Sayen Memorin Waya: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya, wannan na'ura take ta karɓe ayyukan da a da akwatin ƙarfe da durowar ofis suke yi. A yau lauya a wayarsa yake adana hoton takardun shari'a, malamin jami'a kuwa muryoyin dattawan da ya yi hira da su domin bincike, ga hotunan aure da na suna, ga karatun malamai da aka ɗauka shekara da shekaru. Da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki suna kwance ne a kan wani ɗan abu da bai kai farcen babban yatsa ba, wato memori. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutum zai shafe makonni yana shawarar wayar da zai saya, amma memorin da zai damƙa wa amanarsa a tsaye yake sayensa, tambayarsa ɗaya ce tak: giga nawa ne, kuma nawa za a bari?

A ganina, wannan lamba ta giga da muke kallo ita ce ta fi kowace sauƙin yin ƙarya. Akwai tambayoyin da ya kamata su riga ta.

Ta farko, shin wayar tana karɓar memori ma kuwa? Wayar iPhone ba ta taɓa zuwa da gurbinsa ba. Kamfanin Samsung ya cire gurbin a Galaxy S6 a 2015, ya mayar da shi a S7 a 2016, sannan ya sake cire shi daga S21 a 2021. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika hannun jama'armu, suna da shi. Sai dai a wasu wayoyi gurbi ɗaya ne aka raba tsakanin layi na biyu da memori, ke nan mai layi biyu sai ya zaɓi ɗaya. Haka kuma kowace waya tana da iyakar girman da take ɗauka. Ƙungiyar SD Association, wadda kamfanonin Panasonic da SanDisk da Toshiba suka kafa a 2000, ita ce ta tsara rukunonin: SDHC da ya fito a 2006 yana tsayawa a giga 32, SDXC na 2009 kuwa ya tashi daga nan har zuwa tera 2. Tsohuwar wayar da SDHC kaɗai ta sani ba lalle ba ne ta karanta memori mai giga 128. Ƙari a kan haka, tsarin da SDHC ke zuwa da shi ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, abin da mai ɗaukar dogon bidiyo ya kamata ya sani.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi nauyi: na gaskiya ne ko jabu? A cikin kowane memori akwai ma'ajiyar bayanai, akwai kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke gaya wa waya girman ma'ajiyar. Masu ha'inci sukan ɗauki memori mai giga 8, su sauya umarnin wannan ƙwaƙwalwa ta riƙa cewa giga 128 ne, su buga sunan babban kamfani a jiki. Waya ba ta aunawa, abin da aka faɗa mata shi take nunawa. Mai saye zai duba ya ga 128, ya biya, ya tafi da murna. Watanni na farko lafiya lau. Ranar da ajiya ta zarce ainihin giga 8, sabon abu sai ya riƙa hawa kan tsoho yana shafe shi, ko kuma ya tafi a iska. Mugun abin shi ne sunayen fayilolin suna nan a jere, saboda haka babu abin da zai sa mutum ya yi zargi sai ranar da ya taɓa hoto ya ƙi buɗewa. Na san wani mai bincike da ya zaga ƙauyuka yana ɗaukar tarihin baka, ya dawo ya tarar rabin muryoyin suna ne kawai ya rage, alhali biyu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya. Babu mai gyaran da zai dawo da abin da tun farko ba a rubuta ba.

Kyan kwali ba hujja ba ne, domin masu jabu sun ƙware a kansa. Hujja ita ce gwaji. Akwai manhajar kyauta mai suna H2testw ta kwamfuta mai Windows, da takwararta F3 ta Linux da Mac. Aikinsu shi ne su cika memorin fal da bayanai, sannan su sake karantawa su ga ko komai ya dawo daidai. A babban memori abin yakan ɗauki sa'o'i, amma sau ɗaya ake yi. Wanda ba shi da kwamfuta, sai ya cika shi da bidiyo har ya kusa ƙarewa, ya kashe waya ya kunna, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ya dace a yi wannan kafin a zuba wani abu mai muhimmanci, a kuma karɓi rasit tare da sharaɗin mayarwa. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan sharaɗi ba.

A nan wajibi ne a yi wa 'yan kasuwa adalci. Idan ka sayi giga 64 waya ta nuna maka wajen 59, ko ka sayi 128 ka ga kusan 119, ba a cuce ka ba. Kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirga, na'ura kuwa sau da yawa da 1,024 take ƙirgawa. Abin tsoro shi ne farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Ta uku ita ce sauri. Babbar lambar da ake bugawa a kwali, kamar megabait 100 a daƙiƙa, ƙololuwar saurin karatu ce. Abin da ya fi shafar mai ɗaukar bidiyo shi ne mafi ƙarancin saurin rubutu, kuma ƙananan alamomi ne ke nuna shi. Lamba 10 a cikin harafin C, ko U1, ko V10, duk suna nufin aƙalla megabait 10 a daƙiƙa, wanda ya wadatar da hotuna da sauti da bidiyo na yau da kullum. U3 ko V30 na nufin megabait 30, shi ne ya dace da bidiyon 4K. Akwai kuma A1 da A2, alamomin da aka ƙirƙiro domin masu ɗora manhajoji a kan memori. A2 ya fi ƙarfi a takarda, amma sai wayar da aka gina don ta ci moriyarsa ce ke ganin bambancin. Ga yawancin ma'aikata, memori na gaskiya mai giga 64 ko 128 da alamar A1 da V30 ya isa, kuma ya fi mai giga 512 da ba a san asalinsa ba.

Akwai wani tarko da kan zo bayan saye. Tun daga Android 6 na 2015, wasu wayoyi kan tambaya ko a mayar da memori wani ɓangare na cikin waya, ko a bar shi na ɗauka-ka-cire. Wanda ya zaɓi na farko ya sani cewa wayar za ta kulle memorin da mabuɗin sirri wanda ita kaɗai ke da shi. Idan ta faɗa ruwa ko ta mutu, abin da ke ciki ya tafi tare da ita, ko da memorin lafiyarsa ƙalau. Mai son ajiyar takardu da hotuna gara ya zaɓi na biyun, tare da sanin cewa duk wanda ya zare shi zai iya karantawa. Lauyoyi da likitoci da ke riƙe da sirrin mutane su yi tunani a kan wannan da kyau.

Daga ƙarshe, ko memori na gaskiya ma yana tsufa. Ɗakunan ajiyar da ke cikinsa suna da adadin rubutu da gogewar da za su iya jurewa, kuma sau da yawa ba ya sallama kafin ya mutu. Wani lokaci yakan ƙi karɓar sabon abu, wani lokaci kuwa waya ta ce sai an goge shi baki ɗaya. Don haka duk abin da ba za a iya sake samu ba, muryar mahaifi ce ko takardar fili, ya kasance yana da kwafi a wani wuri dabam, a kwamfuta ko a ma'ajiyar intanet. Shawarata ga mai karatu ita ce, a wannan mako ya ware sa'a guda ya kwafe abin da ke cikin memorinsa, kafin ya soma tunanin sayen wani sabo. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.