Tsohuwar Rikoda Mai Faifai Biyu: Gano Matsala Kafin a Yi Asarar Murya

Kafin kaset ya yaɗu, rikoda mai faifai biyu ita ce abin ɗaukar magana a gidajen rediyo da jami'o'i. Kamfanin AEG na Jamus ne ya fara nuna irinta a Balin a 1935. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da ita manazarta suka riƙa ɗaukar waƙoƙi da tarihin baka, kamar yadda David Ames ya ɗauki makaɗan Zazzau a 1963 zuwa 1964. Sau da yawa tef ɗaya tak ne ke ɗauke da muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya, kuma rikoda mai matsala tana iya lalata shi cikin ɗan lokaci. Saboda haka da tef marar muhimmanci ake gwada tsohuwar rikoda.

Tef zare ne na roba da aka shafa wa garin tsatsar ƙarfe, wanda ke riƙe sauti ta hanyar maganaɗisu. Yana barin faifan hagu, ya goga kawuna na sharewa da ɗauka da karantawa, sannan wata sandar ƙarfe da tayar roba su matse shi su ja shi da gudu ɗaya, galibi santimita 9.5 ko 19 a daƙiƙa, zuwa faifan dama.

Idan inji yana ƙugi amma faifai ba ya juyawa, bel ne ya saki, ko ya tsinke, ko ya narke, domin zafi yana tsufar da roba. Wani lokaci kuma tsohon giris ne ya daskare da ƙurar hunturu. Sai a wanke shi a sa sabo kaɗan. Idan murya tana rawa, a duba tayar roba: in ta taurare tana sheƙi, tef zai riƙa zamewa. Idan murya ta dushe, datti ne a kan kawunan, kuma auduga da sifirit sun isa. Kada a kusance su da sukuddireba mai maganaɗisu. Idan tef yana zubewa ko yana tsinkewa yayin tsayawa, birkin faifan ne ya cinye ko ya yi tsauri.

Akwai kuma matsalar wuta. Rikodar da aka ƙera don Amurka tana son wuta bolt 120 mai bugu 60 a daƙiƙa, alhali tamu 230 ce mai bugu 50. Taransifoma tana rage ƙarfin wutar amma ba ta canza bugun, don haka injin da ke bin bugun wuta zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, murya ta yi kauri. Mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai iya canza bel, amma wannan sai an canza kurar injin.

Abin lura shi ne, ba kullum laifin rikoda ba ne. Danshin damina a Samaru, musamman a Agusta, yana ba funfuna damar tsirowa a gefen tef da kwalinsa, kuma ƙwayoyinta suna cutar da huhu, don haka a rufe hanci. Tef na shekarun 1950 da 1960 kan yi warin tsami ya yi gautsi. Wasu na shekarun 1970 da 1980 kuwa, gam ɗin da ke riƙe garin ƙarfen yana shan laima ya yi danƙo, tef ya riƙa ƙara yana barin ƙasa-ƙasan datti. Da an ji haka a tsayar da rikoda nan take, domin muryar ce take kankarewa. Ƙwararru kan gasa irin wannan tef a zafin digiri 50 zuwa 55 na sa'o'i da yawa, amma ba aikin gida ba ne.

A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA ta masu adana sauti sun yi gargaɗin cewa kayan gyaran waɗannan na'urori suna ƙarewa. Saboda haka duk wanda ya samu rikoda ta tashi, ya gaggauta kwafe tef ɗinsa zuwa kwamfuta, sannan ya adana na asalin a tsaye, a wuri mai sanyi marar danshi.