Ko Kun Sani? Ɗaɗɗoya da Ɗanyar Citta

Ko kun san cewa ɗaɗɗoyar da ke tsirowa a bayan gidaje a Madakiya da kewayen Kafanchan 'yar'uwa ce ga ganyen da mutanen Genoa a Italiya ke dakawa su yi miyarsu ta pesto? Dangi ɗaya ne. Wasu nau'o'in tamu ma suna ɗauke da sinadarin yujinol, wanda shi ne ke ba kanumfari ƙamshinsa.

Mu kuwa muna da abin da su ba su da shi a kusa: citta. Kudancin Kaduna, musamman Kachia, Jaba da Kagarko, shi ne cibiyar nomanta a Najeriya, ko da yake cutar da ta afka wa gonaki a 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo.

Ga yadda za a haɗa su a yi miya irin ta pesto: a sami ɗaɗɗoya cikin tafin hannu biyu, ɗanyar citta kamar babban yatsa, tafarnuwa, attaruhu da gishiri, a daka a turmi, a zuba man gyaɗa har ya rufe ta. Man nan shi ke hana iska baƙanta ganyen. Ana shafa ta a gasasshen kifi, a ɗora kan dafaffiyar doya, ko a sa cokali guda a faten acca bayan an sauke, domin wuta tana korar ƙamshin.

A kiyaye: tafarnuwa cikin mai ba ta son zafi. A ajiye a firji, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4.