"Me gusta": Yadda Ake Faɗin So da Ƙi a Sifaniyanci

A filin harsuna na wannan mako za mu leƙa Sifaniyanci, harshen ƙasar su Real Madrid da Barcelona, waɗanda magoya bayansu a Rawayya ba sa ƙidayuwa. Kusan mutum miliyan 500 ne suka buɗi baki da wannan harshe, shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, kuma yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba ma sai an tsallaka Turai ba. Maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, wadda ta karɓi 'yanci daga Sifaniya a 1968, da shi take aiki. Ɗan ƙwallonmu Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, a cikin masu wannan harshe ya zauna lokacin da ya koma Almería a 2020, sannan Real Sociedad a 2022.

Duk mai koyon sabon harshe, bayan gaisuwa, abin da ya fi buƙata shi ne ya iya faɗin abin da yake so da wanda ba ya so. A nan ne masu bi ta Turanci suke yawan tuntuɓe. Mu kuwa mun yi sa'a, domin mabuɗin yana cikin Hausarmu.

Hanya biyu ta Bahaushe

Dubi waɗannan jimloli: "Ina son shayi." "Shayi yana mini daɗi." Ma'anarsu kusan ɗaya ce, amma gininsu ya bambanta. A ta farko ni ne aikau, shayi karɓau. A ta biyu shayi ne yake aikin, ni kuma daɗin yake zuwar wa. Sifaniyanci hanya ta biyu yake bi. Aikatau ɗin shi ne gustar, ma'anarsa yi wa wani daɗi ko burge shi. Don haka Me gusta el té na nufin "shayi yana mini daɗi". 'Yan Islamiyya za su tuna da yu'jibuni na Larabci, wanda gininsa ke nan daidai. Wanda ya mai da wayarsa Sifaniyanci ya shiga Facebook, zai ga an rubuta Me gusta a wurin ɗaga babban yatsa.

Wanda ya fassara daga Turanci kai tsaye sai ya ce Yo gusto el té. Wannan kuskure ne, domin yo gusto na nufin "ni ne nake burge wani". Ka ga an juya zance, mai sha ya koma abin sha.

Wakilan suna guda shida

Kafin aikatau ana sa ƙaramar kalma mai nuna wanda abin yake wa daɗi. Ku jera su kusa da namu ku gani:

me: mini
te: maka ko miki
le: masa ko mata
nos: mana
os: muku
les: musu

A nan Hausa ta fi su tantancewa, tunda mu muna raba namiji da mace, su kuwa te ɗaya le ɗaya. In ana son a fayyace, sai a ƙara suna da a a gabansa: A Aisha le gusta el arroz, shinkafa tana wa Aisha daɗi. Kalmar os a Sifaniya aka fi jin ta. A Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka les ake cewa a madadinta.

Tilo da jam'i

Tunda abin da ake so shi ne aikau, shi aikatau ke bi. Mukan ce "littafin yana burge ni", amma "littattafan suna burge ni". Haka su ma: Me gusta el libro, amma Me gustan los libros. Harafin n ɗin nan na ƙarshe shi ne "suna" ɗinmu. Yawan masu so bai shafe shi ba. Ko ajinku duka ne, in abu ɗaya kuke so, Nos gusta el fútbol za ku ce. Ga wani tarko: lissafi jam'i ne a wurinsu, las matemáticas, saboda haka sai a ce Me gustan las matemáticas.

In aiki ne ake so, gusta ake sawa kullum: Me gusta leer, karatu yana mini daɗi, Me gusta jugar al fútbol, buga ƙwallo yana mini daɗi. Kada kuma a manta da el, la, los ko las a gaban suna. Me gusta leche gurguwar jimla ce. Me gusta la leche ake cewa in ana maganar madara.

Matakan so da ƙi

Korewa ba ta da wuya: a sa no a farko. No me gusta el calor, zafi ba ya mini daɗi, jimlar da za ta yi mana amfani a watan Afrilu. Ga tsanin daga sama zuwa ƙasa:

Me encanta: ina matuƙar son sa
Me gusta mucho: yana mini daɗi ƙwarai
Me gusta: yana mini daɗi
No me gusta mucho: bai cika yi mini daɗi ba
No me gusta nada: ba ya mini daɗi ko kaɗan
Odio: na tsana

Encantar ya riga ya kai ƙololuwa, ba a ƙara masa mucho. Shi kuwa odio hanyar farko yake bi, mai ƙin ne aikau: Odio los mosquitos, na tsani sauro.

"Ni ma" da "ni dai"

Hira ba ta daɗi sai da amsa. In abokinka ya ce abu yana masa daɗi, kai ma haka, sai ka ce A mí también, wato "ni ma". In ya ce ba ya masa daɗi, kai ma haka, A mí tampoco, "ni ma ba ya mini". In kun saɓa, A mí sí ko A mí no, "ni dai yana mini" ko "ni dai ba ya mini". Misali:

Musa: ¿Te gusta el Barcelona?
Sani: No, no me gusta nada. ¿Y a ti?
Musa: A mí sí. ¡Me encanta!

Ku lura, suna buɗe tambaya da alamar tambaya a kife, su rufe ta da wadda muka sani.

Inda Bahaushe zai yi hattara

Kalmarmu "so" jaka ce mai ɗaukar kaya uku: abin da ke maka daɗi, abin da kake buƙata yanzu, da ƙauna. Sifaniyanci ya raba su. In ka je wurin mai shayi a Malabo ka ce Me gusta el té, labari kawai ka ba shi. In kana son ya zuba maka, Quiero té za ka ce, ko cikin ladabi Me gustaría un té, por favor. Ga iyaye da 'yan uwa Te quiero ake cewa. Me gustas kuwa, in ka faɗa wa mutum, maganar saurayi da budurwa ce, ta kan jawo abin kunya in an sake ta a inda bai dace ba. In kana nufin jininku ya haɗu da wani, Me caes bien ita ce daidai.

Riba a kan uwar kuɗi

Wanda ya riƙe gustar ya sami wasu aikatau kyauta, domin gininsu ɗaya. Me duele la cabeza shi ne "kai yana mini ciwo", kalma da kalma. Me duelen los pies, ƙafafu suna mini ciwo. Me interesa la historia, tarihi yana jan hankalina. Mutumin da zai iya gaya wa likita inda ke masa ciwo a baƙuwar ƙasa ya wuce mai koyo don nishaɗi kawai. Ga kuma sauƙin karatu: wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma gusta yadda aka rubuta haka Bahaushe zai karanta shi.

Gwada basirarka

Mai da waɗannan zuwa Sifaniyanci:

1. Shinkafa tana mana daɗi.
2. Littattafai ba sa burge Musa.
3. Ƙawarki ta ce No me gusta la leche, ke ma haka. Me za ki ce?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Don Allah kada a yi rubutu a jikin allo. Za mu liƙa amsoshin da sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.