Ko Kun Sani? Lambar 2,147,483,647

Lambar 2,147,483,647 tana cikin rukunin lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu lambar da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. Ana samun ta idan aka jera 2 sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1, kuma ita ce ta takwas a jerin irin waɗannan lambobi masu ɗauke da sunan Mersenne, masanin Faransa. Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, wanda gagarumin aiki ne a zamanin da babu kwamfuta. A kanta ne ƙirgen daƙiƙoƙin wasu tsofaffin kwamfutoci, wanda ya faro daga 1970, zai tuƙe ranar 19 ga Janairu, 2038.