Daga Kaskon Mai Magani zuwa Takardar Mallaka: Labarin Niprisan

Shirinmu na musamman yau zai fara ne da kayan da na tabbata akwai su a ɗakin girkin yawancinku: masoro da kanumfari. Ku haɗa musu ganyen dawa da wani itace da Yarabawa ke kira osun. Waɗannan huɗun su ne tushen maganin amosanin jini, wato sikila, da aka yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1998 da sunan Niprisan.

Duk gidan da ke da mai sikila ya san daren da ciwo ke tashi, yaro na murƙususu, uwa na riƙe da shi tana hawaye har asuba. Ana ƙiyasin jarirai kimanin 150,000 ake haifa da wannan cuta a Najeriya duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi.

A garin Oyo akwai wani limamin coci, Rabaran Paul Ogunyale, mai ba wa masu sikila wani haɗin gargajiya. A farkon shekarun 1990, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, NIPRD, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta nemi ya buɗe mata sirrin haɗin. To, kun san halin mai magani da sirrinsa. Ko a nan wajenmu, wanzami ko maɗori ba ya faɗa wa baƙo laƙaninsa, kuma yana da hujja, don an sha karɓar sani a hannun talaka a tafi da shi ba ko na gode. Cibiyar ta zauna da Ogunyale, aka rubuta yarjejeniya cewa yana da kaso a duk abin da maganin zai kawo. Da aka zo neman takardar mallaka kuwa, aka sa sunansa a jerin waɗanda suka ƙirƙiro maganin, kafaɗa da kafaɗa da masana masu digiri. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja a labarin gaba ɗaya.

Mece ce ita wannan takarda? Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai ka bayyana yadda ka haɗa abinka dalla-dalla, kowa ya iya karantawa. Ita kuma hukuma ta hana kowa yin sa ko sayar da shi ba da izininka ba har shekara 20. Wa'adi na cika, abin ya zama na kowa. Manufar ita ce wanda ya zuba kuɗi da shekaru a bincike ya samu damar mayar da gumi kafin masu kwaikwayo su shigo kasuwa.

Gwajin da aka yi wa marasa lafiya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2001, ya nuna maganin na rage yawan tashin ciwo. Ba ya warkar da sikila, wannan a riƙe shi da kyau, amma ga mai jinya raguwar dare ɗaya na azaba ma babban abu ne.

Sai dai cibiyar bincike ba masana'anta ba ce. A 2002 gwamnati ta ba wani kamfani daga Amurka, Xechem, izinin yin maganin shi kaɗai. A 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Abuja da sabon suna, Nicosan. Murna ba ta daɗe ba. Bashi ya durƙusar da kamfanin a 2008, aikin ya tsaya, gwamnati ta janye izinin a 2009. Iyayen da suka saba sayo wa 'ya'yansu suka riƙa zagaya shagunan magani suna dawowa hannu rabbana.

Nan ne abin ke min ciwo, jama'a. Takarda na nan, ilimi na nan, masoro da kanumfari na nan jibge a kasuwa, amma da yake an ɗora kayan duka a kan jaki guda, da ya durƙusa sai komai ya zube. Da an raba izinin ga kamfanoni biyu ko uku, ko an gindaya sharaɗin cewa wanda ya kasa samar da magani cikin watanni kaza izini ya koma hannun wani nan take, da wuya a yi wannan dogon yankewa. Wannan aikin lauyoyi ne da jami'an da ke zama a teburin yarjejeniya, kuma irinsu muke da ƙaranci fiye da masu bincike.

Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Najeriya, wanda ya fito da maganin da sunan Niclovix. Daga janye izinin farko zuwa sa hannu a na biyu shekara tara ke nan. Yaron da aka haifa da sikila a 2009 ya riga ya shiga aji uku na firamare kafin a kai ga sa hannun.