Kafin Ka Hau Dutsen Ruwanda Kallon Goggon Biri

A arewa maso yammacin Ruwanda, inda iyakarta ta haɗu da ta Yuganda da ta Kwango, akwai jerin duwatsu takwas masu aman wuta da ake kira Virunga. Biyar daga cikinsu sun shigo gandun dajin da Ruwanda ta keɓe kusa da garin Musanze, kuma mafi tsayinsu, Karisimbi, ya kai mita 4,507. Tun 1925, zamanin mulkin Beljiyam, aka fara killace wannan yanki saboda wata dabba guda: goggon birin dutse. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a nan da dajin Bwindi na Yuganda, kuma ƙidayar da aka kammala a 2018 ta nuna duka-duka 1,063 ne suka rage. Mutanenmu masu hali sun fara leƙa Kigali don kasuwanci ko taro ko hutu, wasu kuma kan yi sha'awar ƙarasawa dutsen. Akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya ɗaure kaya.

Wanda ya ga hoton babban namijin, mai furfura a gadon baya, wanda nauyinsa kan haura kilo 150, abin da zai fara zo masa a rai shi ne tsoro. Alhali kuwa birin ne ya fi cancantar jin tsoron baƙon. Kusan kashi 98 cikin ɗari na ƙwayoyin halittarsa iri ɗaya ne da na ɗan Adam, saboda haka cututtukanmu suna kama shi, ga shi jikinsa bai saba da su ba. Murar da kai za ka sha shayi da citta ka kwana biyu ka wartsake, shi tana iya gangara masa huhu ta kashe shi. Ba zato ba ne, an gani. A 2009 ciwon numfashi ya ɓarke a wani garke a wannan gandu, wata babbar mace da wani jariri suka mutu, da aka yi gwaji aka samu ƙwayar cutar da ke yawo tsakanin mutane a jikinsu.

Daga nan dokokin wurin suka samo tushe. Mutum takwas kawai ake bari su ziyarci garke ɗaya a rana, kuma awa ɗaya tak suke yi a gabansa. Ba a shiga da yaron da bai kai shekara 15 ba. Ana sa takunkumi, ana barin tazarar da ba ta gaza mita bakwai ba, ba a ci ba a sha a kusa da su, ba a tofar da yawu. In tari ko atishawa ta zo, sai ka kau da kai ka rufe baki. Mai mura ko zazzaɓi ko gudawa kuwa, jami'an gandun suna da ikon mayar da shi.

A nan ne ake gane halin mutum. Cikakken kuɗin izinin shiga ga baƙo ɗan ƙasar waje dala 1,500 ne tun daga 2017. Wanda ya biya wannan, ya biya jirgi da masauki, ya wayi gari hancinsa na zuba, ba ƙaramin abu ba ne ya buɗe baki ya ce ba shi da lafiya. Zuciya za ta ce masa ya haɗiyi magani ya yi shiru. A ganina wanda ya yi haka ya ci amana, domin dabbar da ya je kallo ba ta da yadda za ta kare kanta daga numfashinsa, kuma macen goggon biri ɗa ɗaya take haifa, wajen shekara huɗu tsakanin haihuwa da haihuwa. Kowane ɗaya da ya mutu, giɓin ba ya cikewa da wuri.

An sha wuya kafin a kai inda ake yau. A farkon shekarun 1980 biran da ke duwatsun Virunga ba su fi 250 da 'yan kai ba, mafarauta da tarkunan da ake ɗana wa gada sun kusa ƙarar da su. Dian Fossey, Ba'amurkiyar da ta kafa sansanin bincike na Karisoke a 1967 tsakanin duwatsun Karisimbi da Bisoke, ta yi ta fama da mafarautan har aka kashe ta a ɗakinta a Disambar 1985. Kabarinta na can kan dutsen. Ƙidayar 2016 ta samu 604 a Virunga. Kuɗin baƙi na daga cikin abin da ya kawo wannan ci gaba, domin da shi ake biyan masu gadi da masu bin sawu, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen dajin ƙasar na komawa ga ƙauyukan da ke kewaye.

Sai batun jikinka. Nan ba Yankari ba ce, inda mota za ta zagaya da kai kana zaune. Da misalin ƙarfe bakwai na safe ake taruwa a hedikwatar gandun da ke Kinigi, a raba mutane rukuni-rukuni, sannan a kama hawa da ƙafa. Tafiyar na iya zama ta ƙasa da awa ɗaya, tana iya cinye rabin yini, ya danganta da inda garken ya kwana. Daga gindin dajin ma kana sama da mita 2,000, iska ba ta ishi wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ba, haki na zuwa da wuri. Mai hawan jini ko asma ko ciwon zuciya ya ga likita tun a gida, kuma ya faɗa wa jagora gaskiya domin a haɗa shi da garken da ke kusa. Akwai sanyi, akwai taɓo mai santsi musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin ruwa mai yawa, akwai wata ciyawa da ke sa fata raɗaɗi in an taɓa ta. Dogon wando, riga mai dogon hannu, safar hannu, rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa, duk wajibi ne. Ɗauki ɗan dako ko da jakarka ba nauyi. Shi zai riƙe hannunka a gangare, kuma abincinsa ke nan.

Za ka ga jami'i da bindiga a ayarin. Ba don biri ba ne, don ɓauna ce da giwar daji. Idan kuwa babban namijin ya miƙe yana dukan ƙirji, ko ya yo kanku, kada ka gudu, kada ka zura masa ido. Ka tsuguna, ka sunkuyar da kai, ka bi abin da jagora ya ce. A kashe hasken kyamara. Wanda ƙarfinsa ko aljihunsa bai kai ba, akwai wani ƙaramin biri mai jan gashi a bayansa da ke zaune cikin dajin gora a ƙasa-ƙasa, hawan ya fi sauƙi, kuɗin ya fi araha nesa ba kusa ba.

Hukumar Raya Ƙasa ta Ruwanda, wato RDB, ita ce ke ba da izinin, kai tsaye ko ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido masu rajista, kuma a lokacin rani guraben kan ƙare watanni kafin ranar. Duk wanda ya tare ka a WhatsApp da farashi mai daɗi fiye da kima, ka tabbatar da shi wurin hukumar kafin ka tura ko sisi. Kada a manta katin rigakafin cutar shawara, kuma a bar leda a gida, domin Ruwanda ta haramta ta tun 2008.

Wasu za su ce maka tsallaken Kwango ya fi sauƙin kuɗi. Haka ne, amma a can an kashe masu gadin daji sama da 200, an sace baƙi biyu 'yan Birtaniya a 2018, dutsen Nyiragongo ya yi aman wuta a Mayun 2021 har ya cinye gidaje a gefen birnin Goma, kuma a Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka ƙwace birnin. Kada rangwame ya kai ka can. Ka tsaya ɓangaren Ruwanda ko Yuganda, ka sayi izininka ta hanyar da ta dace, kuma in ka tashi da mura a ranar, ka faɗa wa jagora tun a Kinigi.