Daidaita Maƙogwaron Injin Motar Tsere

Kamar yadda aka sani, inji ba ya ƙona mai sai da iska. Don fetur ya ƙone sarai, kowane giram 1 na mai yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. A yawancin motoci, iskar tana shiga ta bututu guda mai wani faifai a ciki, wanda ke buɗewa idan direba ya taka totur, daga nan sai ta rarrabu zuwa silinda-silinda. Wannan bututu shi ne maƙogwaron inji.

Amma a motocin tsere da manyan babura da yawa, kowace silinda da nata maƙogwaron. Haka kamfanin BMW na Jamus ya ƙera motarsa M1 a 1978, da kuma M3 a 1986. Amfanin wannan tsari shi ne faifan yana dab da silinda, saboda haka da an taka totur inji zai amsa nan take.

Sai dai tsarin yana da sharaɗi: dole faya-fayan su buɗe daidai wa daida. Dalili kuwa, kwamfutar inji tana raba mai ne bisa zaton kowace silinda ta shaƙi iska daidai da 'yar'uwarta. Wadda iska ta yi wa yawa sai ta yi zafi fiye da kima, har bawul ɗinta ya iya ƙonewa. Wadda iska ta yi wa kaɗan kuma sai fuloginta ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya tafi a banza. Matsalar ta fi bayyana idan inji yana silo, domin a lokacin kafar iska 'yar tsiririya ce, bambanci kaɗan ma sai ya sa inji kakkarwa.

To, yaya bakanike ke daidaita su? Da farko yakan duba fulogai da bawul, ya kuma tabbatar iska ba ta satar hanya ta wata roba da ta tsage. Sannan ya ta da inji har ya ɗumama, ya haɗa tiyo daga bayan kowane faifai zuwa ma'aunin matsin iska. Tsohon samfurin ma'aunin bututan gilashi ne da ƙasansu ke cikin zaiba, bisa ƙa'idar da Torricelli ya gano a Italiya a 1643. Inda faifai ya fi rufuwa, zuƙar fistin takan rage matsi sosai, sai zaiba ta fi hawa.

A inji mai silinda 4, akan daidaita ta 1 da ta 2, sannan ta 3 da ta 4, daga bisani a daidaita rukunan biyu. Ana juya ƙusar saiti kaɗan-kaɗan, a ɗan taka totur, a sake dubawa, har zaiba ta tsaya kai ɗaya a dukkan bututan.

Ɗalibai na iya gwada wannan ƙa'ida a ɗakin gwaji: a lanƙwasa tiyo mai haske kamar harafin U, a zuba ruwa mai launi, a ɗan zuƙi iska ta baki ɗaya, sannan a auna tazarar da ruwan ya hau da rula.